Wane yadi mai fure ya dace da rigunan matan Landan na shekarar 1787?

Maɗinkiya daga Zariya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da manya da ƙanana na wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Shekarata goma sha huɗu ina ɗinkin mata, amma aikin da aka kawo mini a wannan wata ya nuna mini iyakar sanina. Wasu ɗalibai masu nazarin wasan kwaikwayo ne suka rubuta wasa da kansu a kan mutanen da suka fara fafutukar hana cinikin bayi a birnin Landan, suka kuma ajiye labarin a shekarar 1787, wato shekarar da aka kafa ƙungiyar neman a soke wannan ciniki. An ba wani tela kayan maza, ni kuma aka ba ni na mata uku: matar wani attajiri mai jiragen ruwa, da 'yar aikinta, da wata mai tallar kifi a bakin kogi.

Malamin da ke kula da ɗaliban ya kawo mini hotunan tsofaffin zane-zane, kuma yankan bai gagare ni ba. Riga ce mai kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, hannunta ya tsaya a gwiwar hannu, ƙasanta yana da tattara mai yawa ta baya, gabanta kuma a buɗe yake ana ganin siket ɗin da ke ciki. Inda na tsaya shi ne yadi. Malamin ya ce auduga mai fure ake so, sai na ɗauko atamfa mai ƙananan furanni da nake da ita a shago, ya duba ya girgiza kai, ya ce ba ta zamanin ba ce, amma bai iya gaya mini dalili ba. Daga baya na ga wani yadin labule fari mai jan zane, da hoton makiyaya da tumaki da bishiyoyi, mai shagon ya ce irin na Faransa ne na da can, na kusa saye sai zuciyata ta ƙi.

Abin da nake roƙo a wurin masu sani shi ne a bayyana mini yadda yadin mai fure na wancan lokaci yake, launinsa da girman furensa da kaurinsa, da kuma abin da zan iya samu a kasuwanninmu wanda zai yi kusa da shi. Ina kuma son sanin ko matan nan uku yadi iri ɗaya za su sa, ko kuwa akwai bambanci tsakanin na uwar gida da na 'yar aiki. Saura mako bakwai a yi wasan, kuɗin da aka ware kuma ba su da yawa. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon malamin tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Malamin nan ya yi gaskiya game da atamfa, kuma dalilinsa shekaru ne. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda atamfarsa ta fi kowace suna a wurinmu, a 1846 aka kafa shi, atamfar da ake bugawa da inji don kasuwar Afirka ta Yamma kuwa sai wajen shekarun 1890 ta fara shigowa ta gaɓar Gana. Idan kika sa wa matar Landan ta 1787 atamfa, kin ba ta yadin da sai bayan shekara ɗari za a yi shi, wanda ma ba don ita aka yi shi ba.

Yadin da kike nema Turawan Ingila suna kiransa cinz, daga wata kalmar Indiya mai nufin abu mai ɗigo-ɗigo, Faransawa kuma suna ce masa andiyan, wato ɗan Indiya, domin asalinsa daga can ne, musamman gaɓar Koromandel a kudu maso gabashin ƙasar. Masu sana'ar can suna jiƙa farin yadi a ruwan 'ya'yan wata itaciya haɗe da madarar ɓauna, sannan su zana fure da alƙalamin gora. Abin da ke cikin alƙalamin ba rini ba ne, magani ne da ke sa rini ya kama: inda aka zana da ruwan alif zai fito ja idan aka dafa yadin da saiwar rini, inda aka zana da ruwan tsatsar ƙarfe kuma zai fito baƙi ko shunayya. Shuɗin kuwa na baba ne, irin wanda marinanmu na Ƙofar Mata suka sani, sai dai su suna rufe duk inda ba sa son ya yi shuɗi da kakin zuma kafin su tsoma. Abin da ya ruɗa matan Turai da wannan yadi shi ne ana wanke shi launin bai zuba ba, alhali alharini mai ado ba ya son ruwa ko kaɗan.

Son da aka yi masa ya kai ga masu saƙar ulu da alharini sun tayar da ƙayar baya. Faransa ta haramta shi a 1686, ba ta janye ba sai 1759. Ingila ta hana shigo da bugagge daga Indiya a 1700, da aka ga 'yan kasuwa sun koma shigo da fari suna bugawa a gida, sai aka yi wata doka a 1721 da ta hana sa shi gaba ɗaya, tarar fam 5 ga wadda ta sa, fam 20 ga wanda ya sayar. Kafin dokar ma, a 1719, masaƙan unguwar Spitalfields ta Landan sun riƙa tare mata a titi suna yayyaga musu riguna. A 1736 aka yarda a buga fure a kan yadin da zaren tsayensa na lilin ne, na kwancensa na auduga, sai a 1774 aka halatta auduga zalla, da sharaɗin a Ingila aka saƙa ta, shaidar haka kuma ita ce zare uku shuɗi da ake sakawa a kowane gefen yadin, al'adar da ta tsaya har 1811. Ke nan a shekarar wasanku, shekara goma sha uku kacal da sakin auduga mai fure, tana kan ganiyar tashenta. Na Indiya dai har lokacin haramtacce ne, masu hali suna samunsa ta fasa-ƙwauri. Tun da wasan kwaikwayo kuke yi, zai yi muku daɗi ku ji cewa shahararren ɗan wasan Landan David Garrick ya sha rubuta takardun roƙo a 1775 saboda jami'an kwastan sun ƙwace cinz ɗin Indiya na matarsa.

To, ga abin da zai amfane ki a kasuwa. Turawan sun koyi dabarar alif da ƙarfe, amma maimakon alƙalami sai suka yi amfani da hatimin katako da aka sassaƙa, ana dangwala shi a maganin, a ɗora a kan yadin, a buga da guduma, kowane launi da nasa hatimin. Bayan haka a wanke yadin a ruwan kashin shanu don a cire maganin da bai kama ba, a dafa shi da saiwar wani tsiro da suke kira mada, sannan a shimfiɗa shi a fili rana ta mayar da farin wurin fari. Daga tukunya ɗaya ta wannan saiwa ake samun ja, da ruwan hoda, da shunayya, da ruwan ƙasa, da baƙi, gwargwadon ƙarfin maganin da aka buga. Waɗannan su ne launukan da suka mamaye yadin zamanin. Shuɗi da rawaya daga baya ake ƙara su, sau da yawa da ɗan buroshi a hannun mata da 'yan mata, shi ya sa za ki ga shuɗin ya ɗan tsallake layin zanen ko ya fi duhu a wani wuri. Kore kuwa ba su da shi a matsayin launi guda, sai dai a shafa rawaya a kan shuɗi, kuma rawayar ba ta jure wanki da rana, don haka tsofaffin rigunan da ke gidajen tarihi yawancin ganyensu ya koma shuɗi-shuɗi. Saboda haka ganye mai kore shar kamar ɗanyar ciyawar damina alama ce ta wani zamani daban. Haka nan shunayya mai ƙyalli da ruwan hoda mai kashe ido, waɗannan 'ya'yan rinin sinadari ne, wanda William Perkin ya buɗe ƙofarsa a 1856 yana ɗan shekara 18.

Injin bugu mai gangar jan ƙarfe, wanda Thomas Bell ya yi wa rajista a 1783, ya fara aiki kusa da garin Preston wajen 1785, amma bai mamaye yadin riguna ba sai bayan 1810. Don haka ki guji zane mai cunkoso, wanda ƙananan layuka suka cika bayansa ba a ganin farin yadi, domin aikin inji ne. Ki nemi yadin da ƙasarsa, wato bayan zanen, fara ce ko ruwan madara, da siririn reshe mai lanƙwasa yana hawa, furanni jifa-jifa a jikinsa, da sarari tsakaninsu.

Ɗan Kantin Kwari ya amsa:

Ina gaishe da Malam, mun ƙaru ƙwarai. Hajiya, ni ban san tarihin Turawa ba, yadi na sani, shekarata ashirin da ɗoriya a cikinsa, kuma bisa siffar da Malam ya bayar zan gaya miki inda za ki duba da inda kada ki ɓata lokacinki.

Kada ki shiga layin atamfa ko kaɗan. Ban da maganar shekaru, atamfa ciki da waje duk zane ne, tana da tauri, zanenta kuma manya ne masu baƙin layi mai kauri, ko an ce mai ƙaramin fure ce, daga nesa ido zai gane ta. Abin da Malam ya kwatanta ya fi kama da yadin da ake sayarwa a awon yadi don rigunan yara mata da kayan barci, da kuma zanin gado. Ni da ni ne ke, da masu zanin gado na gwanjo zan fara bi, domin a cikinsu ake tsintar farin zani mai reshe da jajayen furanni wanda wanki ya riga ya kashe masa ƙyalli, kuma babba guda ɗaya yana da faɗin da zai ba ki ƙasan riga ba tare da haɗi da yawa ba. Sai dai ki duba tsakiyarsa a rana, nan ne yake fara cinyewa, kuma ki nemi guda biyu iri ɗaya tun a wurin, don idan kika bari sai kin dawo ba za ki same shi ba. Akwai kuma yadin Indiya na rigunan mata da ke shigowa lokaci-lokaci, marar nauyi, wanda ake bugawa da hannu. Za ki gane shi da cewa furen bai zauna daidai da ɗan'uwansa ba, wani wurin launi ya hau kan layi. Masu saye sukan ce aibi ne su nemi ragi, amma a aikinki ina ganin shi ne abin nema.

Babbar matsalar ita ce roba. Yawancin yadi mai fure da ke kasuwa yanzu haɗi ne, mai shago kuma zai rantse miki cewa auduga ce zalla, ba lalle don yana son ya cuce ki ba, shi ma haka aka gaya masa. Ki roƙi ɗan ƙyalle daga baki ki kunna masa ashana a waje. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma irin na takarda ne, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba kuwa zai ƙanƙance ya narke, ya bar dunƙule baƙi mai tauri. Wannan gwaji ya zama dole a kanki saboda fitilun dandamali, domin yadi mai roba yana walƙiya a ƙarƙashin haske, kuma 'yar wasan za ta jiƙe da gumi tun ba a kai rabin wasa ba.

Idan farin ya yi fari fat da yawa, ki tsoma shi a ruwan ganyen shayi marar ƙarfi, amma ki gwada a ƙyalle tukuna, kuma ki wanke yadin gaba ɗaya kafin ki yanka, don auduga tana tsukewa a wankin farko. Game da yawa, kada ki yi lissafi da turmi ɗaya mai yadi shida. Riga mai irin tattarar da kika faɗa, haɗe da siket ɗinta, za ta ci wajen yadi goma idan yadin mai faɗin inci 45 ne.

Mazauniyar Mancesta ta amsa:

Salamu alaikum Hajiya, Baba Malam da Alhaji ina gaishe ku. Ina zaune a Mancesta, kuma shekara shida ke nan ina cikin wata ƙungiyar mata masu ɗinka tufafin da, muna sa su a ranakun da gidajen tarihi ke gayyatar jama'a. Na yi kurakurai da dama a wannan fanni, mafi tsada a cikinsu kuwa shi ne wanda Hajiya ta kusa yi da yadin labulen nan.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce irin na Faransa ne. Ana kiransa da sunan garin Jouy, kusa da Basai (Versailles), inda Christophe-Philippe Oberkampf ya kafa masana'antarsa a 1760, kuma ana buga shi ne da allon jan ƙarfe da aka zana, dabarar da Francis Nixon ya fara kusa da Dublin a 1752. Allon yana da girma, kusan yadi guda a tsawo, launi ɗaya tak yake bugawa, shi ya sa ake samun cikakken hoto na mutane da dabbobi da gidaje. To amma wannan na labulen gado ne da kujeru da bango. Ita kanta masana'antar Jouy yawancin abin da ta fitar dubban zane-zanen furanni ne na hatimin katako don riguna, sai dai masu hotunan ne suka yi suna. Na ɗinka riga da irinsa a shekarata ta farko, na ɓata wata biyu a kanta, ranar da na sa ta wata dattijuwa a ƙungiyar ta kalle ni da fara'a ta ce na yi kyau kamar gadon amarya. Ban sake sa ta ba. Ban da zanen ma, yadin labule yana da kauri, tattarar bayan rigar kuma ƙanana ce a matse, kowace ba ta kai faɗin yatsa ba, mai kauri ba zai kwanta ba, sai ya tashi tsaye a ƙugu.

A nan zan ɗan saɓa wa Baba Malam, da neman afuwa. Farin ƙasa shi ne ya fi yawa, amma a shekarun 1780 zuwa 1790 an yi yayin mai duhun ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu ko kusan baƙi, furanni masu haske a kansa, kuma masu kuɗi ne suka fi sa shi. Mai zanen da ya fi shahara da wannan shi ne William Kilburn, haifaffen Dublin mai masana'anta a Wallington, wanda kundin zanensa yake gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, cike da furannin jeji da ganyen teku. Shi ne ma ya jagoranci koken da ya sa majalisa ta yi doka a daidai 1787 ta hana kwaikwayon sabon zanen yadi har tsawon wata biyu, domin masana'antun arewacin Ingila suna satar zanensa su sayar da araha. Idan Hajiya ta sami mai duhun ƙasa, uwar gida ya dace da ita, kuma a dandamali zai raba ta da 'yar aikinta tun daga nesa.

Amsar tambayar bambanci tana cikin bayanin Malam na cewa kowane launi da hatiminsa. Yawan launi shi ne yawan aiki, yawan aiki kuma shi ne tsada. Uwar gida za ta sa mai ja iri biyu ko uku, da shunayya, da shuɗi, da rawaya, da ganye, furen ya kai girman tafin hannun yaro. 'Yar aiki za ta sa mai launi ɗaya ko biyu, shunayya a kan fari, ko shuɗi da fari, ko ja da baƙi, ɗan reshe ƙarami ko ɗigo-ɗigo. Ba zato nake yi ba. Gidan rainon jarirai marasa galihu na Landan ya ajiye ƙyallaye kimanin 5,000 da aka maƙala a takardun yaran da aka karɓa daga 1741 zuwa 1760, don uwa ta gane ɗanta idan ta dawo, kuma a cikinsu ake ganin ainihin abin da matalauta ke sawa. Na masu hali kuwa akwai kundin Barbara Johnson, 'yar wani limamin coci, wadda daga 1746 zuwa 1823 duk rigar da aka ɗinka mata sai ta maƙala ƙyallenta ta rubuta shekara da yawan yadi da farashi. Hotunan duka biyun suna intanet, kuma minti goma na kallonsu ya fi duk bayanin da za mu yi miki. Akwai wata dabara kuma, ita ce a ba 'yar aikin tsohuwar rigar uwar gida, mai launi da yawa amma ta kwana biyu, da faci a hammata, domin ba wa barori kwancen tufafi al'ada ce sananniya a lokacin.

Mai tallar kifi ba ta bukatar doguwar riga. Ki yi mata gajeriyar riga sakakkiya da ta tsaya a cinya, ana naɗe gabanta a ɗaure da ƙyallen aiki mai gidan dara shuɗi da fari, siket ɗinta mai launi ɗaya mai duhu, sai ɗan mayafi mai fure a wuya. Wannan zai rage miki kuɗi sosai.

Game da ɗinki, keken ɗinki bai yaɗu ba sai bayan 1846, don haka ki yi na ciki da keke, amma duk inda ido zai gani, kamar bakin wuya da layukan baya, ki bi shi da hannu. Kada zif ya bayyana, domin da fil suke haɗa gaban rigar, ke kuma kya iya ɓoye ƙananan maɗauran ƙugiya a ciki saboda saurin canza kaya. Ki yi wa saman rigar shafi da farin yadi mai ƙarfi. Kuma kada ki wahalar da kanki wajen daidaita fure da fure a kan haɗi, su ba sa yi, yadin ya fi ƙarfin a zubar da guntu, har za ki ga hannun riga an haɗa shi da ƙyallaye uku.

Tsohon malamin tarihi ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran 'yata ta Mancesta, mai duhun ƙasa ya kuɓuce mini, kuma wanda ya riƙe allura ya fi wanda ya karanta labarinta. Abu biyu kawai zan ƙara. Na farko sheƙi ne. Cinz mai tsada yana da ƙyalli a fuskarsa idan sabo ne, a Indiya da ruwan shinkafa ake shafe shi, a buga shi da katako, a goge da ƙwaryar katantanwar teku, wanda duk mutumin da ya taɓa tsayawa a mabuga ya ga yadda ake fito da sheƙin rini ba zai yi mamakinsa ba. Sitaci marar yawa da guga mai zafi za su ba rigar uwar gida wani abu kusa da haka, na sauran biyun kuma a bar su a dushe.

Na biyu ya shafi labarin wasan ne, kuma ina roƙon Hajiya ta isar wa ɗaliban. Yadin audugar Indiya yana cikin manyan kayan da jiragen Turawa ke kawowa gaɓar Afirka ta Yamma su musanya da mutane, har birnin Nantes na Faransa ya cika da masana'antun bugun yadi bayan 1759 don wannan ciniki, Mancesta kuma tana kwaikwayon zanen Indiya tana ba jiragen Libaful. Audugar da ake saƙawa a Ingila a 1787 kuwa, kaso mai yawa nata daga gonakin bayi na tsibiran Karebiyan take. Ke nan rigar matar attajirin nan da arzikin mijinta tushensu ɗaya, kuma marubucin da ya san haka zai iya sa wani a cikin wasan ya nuna rigar ya faɗi magana. Mu ma yadin bai daɗe ba ya iso mu ta hamada, domin Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya lissafa bugaggen yadin Mancesta cikin kayan Turai da ya gani a kasuwar Kano a 1851.

Maɗinkiya daga Zariya ta dawo:

Baba Malam, Alhaji, da 'yar'uwata ta Mancesta, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara sani. Jiya na bi masu gwanjo kamar yadda Alhaji ya ce, ashana tana cikin jakata, na gwada zani bakwai, huɗu suka narke. A cikin ukun da suka rage akwai fari mai ƙananan rassa shunayya, launi ɗaya, na saye shi don 'yar aiki, ya kuma isa riga har da ragowar da zan yi faci da ita. Mayafin mai kifi zan fitar da shi daga wani tsohon ɗankwalin Indiya mai ja da baƙi da nake da shi a gida.

Na uwar gida ne ban samu ba tukuna. Na ga wani mai ruwan ƙasa mai duhu da jajayen furanni a kan reshe, auduga ce zalla, faɗinsa da kaurinsa duk sun yi, amma ganyensa kore ne shar irin wanda Malam ya hana. Wata ɗaliba mai karatun zane ta ce za ta iya bin ganyen ɗaya bayan ɗaya da fentin yadi shuɗi marar kauri, da na gaya mata cewa haka 'yan matan wancan zamani suke yi da buroshi sai ta ƙara zumuɗi. Mun ƙirga ganye talatin da biyu a yadi guda, ga shi yadi goma ake bukata. Ina tambayar 'yar'uwata ko ta taɓa gwada irin wannan, kuma ko fentin ba zai sa wurin ya yi tauri ya hana tattarar baya kwanciya ba. Mai shagon ya yarda ya ajiye mini yadin zuwa ranar Laraba.